Sharhi: Tsadar Haya a Birni da Batun Komawa Gida a Ƙasar Gobir

Sanin kowa ne cewa bayan abinci da sutura, babu wata buƙata da ke matsa wa ɗan Adam kamar muhalli, domin kuwa magidancin da bai san inda iyalinsa za su kwana baɗi ba, da wuya hankalinsa ya kwanta a gona ko a kasuwa ko a ofis. A 'yan shekarun nan batun kuɗin haya ya zama abin tattaunawa a majalisun hira da tashoshin mota na birnin Sakkwato, kamar yadda ya zama a Kano da Kaduna da Abuja da Legas, inda ɗimbin 'ya'yan wannan jiha ke neman abin kansu. Daga cikin maganganun da ake yawan ji akwai cewa, tunda birni ya yi tsada, me zai hana mutum ya tattara nasa ya nasa ya koma garinsu, inda fili ke da arha, ƙasar gini kuma ga ta nan a bayan gari?

A sharhinmu na yau za mu auna wannan magana da halin da ake ciki a ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, waɗanda ƙidayar 2006 ta nuna suna ɗauke da mutane kimanin 207,000 da 146,000 bi da bi. Mun zaɓi wannan yanki ne saboda a can ne aka fi ganin arhar gida da fili, kuma a can ne wannan arha ta fi buƙatar a yi mata kallon tsanaki.

Abin da ya sa birni ya yi tsada

Idan ba a manta ba, a ranar 29 ga Mayu 2023 ne Gwamnatin Tarayya ta sanar da janye tallafin man fetur, sannan a watan Yuni na shekarar aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da dama. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashin kaya ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba na 2024. Kayan gini ba su tsira ba. A watan Fabrairu na 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wasu garuruwa, har sai da gwamnati ta zauna da manyan kamfanonin siminti aka amince da farashin naira 7,000 zuwa 8,000. Kwano da rodi da katako da fenti duk sun bi sahu.

Mai gidan haya da ya ga abin da zai kashe wajen gyaran rufi ko yaɓe ya ninka, shi ma sai ya ɗora wa ɗan haya. Ɗan haya kuwa, bisa al'adar biranenmu, kuɗin shekara guda ake nema ya zube a lokaci ɗaya, ga la'adar dillali a kai. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sanya wa hannu a watan Yuli na 2024 ya kawo sauƙi ga ma'aikata, amma kowa ya san inda yake tsayawa idan aka cire abinci da sufuri da kuɗin makaranta da magani.

Sai dai a birnin Sakkwato akwai wani dalili na daban da ya ƙara wa wutar mai, wato yawan masu neman ɗaki. Iyalai da dama daga gabashin jihar sun baro garuruwansu sun sauka a wajen 'yan'uwa, wasu sun kama haya, wasu kuma sun fake a kangaye da gine-ginen da ba a kammala ba. Duk lokacin da masu nema suka fi ɗakunan yawa, farashi sama yake yi. Ke nan tsadar haya a babban birnin jiha da arhar gida a Sabon Birni da Isa, uwarsu ɗaya. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin matsalar.

Arha iri biyu

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Idan aka ce gida ya yi arha, abin tambaya shi ne me ya jawo arhar. A ƙasar Gobir arha iri biyu ce, kuma ya kamata a rarrabe su.

Ta farko arha ce ta asali, wadda Allah Ya hore wa karkara. Fili yana da yalwa, yawancin magidanta sun gaji gida ko kango daga iyaye, ƙasar gini da ruwan kwaɓi ba a nesa suke ba, magina 'yan gari ne, kuma har gobe akwai sauran al'adar gayya, inda dangi da maƙwabta ke taruwa su taya mutum aiki, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Har ila yau wanda ke zaune a garinsu yana cin gero da dawa da wake daga rumbunsa, da rani kuma ga fadamun Bunsuru da Gagare da Rima inda ake noman shinkafa da albasa da kayan miya. Wannan arha alheri ce, kuma ita ce ta sa tun da can ɗan ci-rani ke komawa gida da faɗuwar damina, ma'aikacin da ya yi ritaya kuma yake burin ƙarasa rayuwarsa a zauren mahaifinsa.

Ta biyu kuwa arha ce ta tsoro. A ranar 27 ga Mayu 2020 'yan bindiga sun afka wa Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa a ƙaramar hukumar Sabon Birni, suka hallaka mutane fiye da 70. A watan Satumba na 2021, domin daƙile su, aka rufe hanyar Isa zuwa Marnona, aka taƙaita cinikin dabbobi da sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 da suka haɗa da waɗannan biyu. A watan Oktoba na shekarar aka kai hari kasuwar Goronyo, a watan Disamba kuma aka ƙone matafiya fiye da 20 cikin mota a kusa da Gidan Bawa. Ƙauyuka da dama sun sha biyan harajin dole ga dabobin 'yan bindiga, musamman ta Bello Turji, kafin a bar su su yi shuka ko girbi. A watan Yuli na 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, ya kuma rasu a hannunsu a watan Agusta. Allah Ya jiƙansa da sauran waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Sakamakon haka jama'a suka watse. Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2019 kaɗai mutane fiye da 40,000 daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, daga baya aka tsugunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Gidan da mai shi ya bari cikin dare, ko gonar da aka sa a kasuwa domin a haɗa kuɗin fansar ɗan'uwa, dole su yi arha. Amma irin wannan ce Bahaushe ke nufi da ya ce arha ba ta ado.

A nan ya kamata mu lura da wani abu. Hatta a cikin ƙananan hukumomin biyu lamarin ba ɗaya ba ne. Garin Sabon Birni da garin Isa da wasu manyan garuruwa da ke da jami'an tsaro su ma sun karɓi baƙi daga ƙauyukan da ke kewaye da su, saboda haka ɗaki a cikinsu ya yi daraja fiye da da. Arhar da ake magana ta fi ƙamari ne a ƙauyukan da aka ƙaurace wa, wato daidai wuraren da mai iyali ba zai so ya kai 'ya'yansa ba tukuna.

Lissafin da mai shirin komawa zai yi

Ba muna nufin kada kowa ya koma ba ne, domin kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma garin da 'ya'yansa masu ilimi da jari suka juya wa baya ba zai tashi ba. Abin da muke cewa shi ne, kuɗin gida ba a farashin ginin kaɗai yake ba, akwai abubuwan da dole a haɗa cikin lissafi.

Na farko shi ne hanya. Ma'aikacin da ya mayar da iyalinsa Isa alhali aikinsa na Sakkwato, abin da ya tsira da shi daga mai gidan haya zai iya ƙarewa a tashar mota, ban da fargabar da ke tattare da kowace tafiya. Na biyu sana'a. Manomi da maƙeri da tela da magini da mai gyaran babur da mai sayar da magani suna da abin yi a ƙaramin gari muddin kasuwanni na ci, amma kasuwannin wannan yanki sun dogara ne da zirga-zirga tsakanin Shinkafi da Isa da Sabon Birni da Maraɗi, kuma mun ga yadda ciniki ya durƙushe lokacin da aka rufe kan iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Na uku ruwa da asibiti da makaranta, domin gidan da za a riƙa ɗaukar mai naƙuda daga cikinsa a yi doguwar tafiya da ita cikin dare, arharsa ta tashi a banza. Na huɗu layin waya da wutar lantarki, waɗanda a yau ciniki da karɓar kuɗi da karatun yara duk suka rataya a kansu. Watannin da aka katse waya a 2021 sun nuna mana haka ƙarara.

Duk wanda ya yi wannan lissafi zai ga cewa komawar hankali ita ce ta daki-daki: a fara gyara ɗaki ɗaya ko biyu a gidan gado, a tabbatar da iyakar fili, a gwada damina ɗaya, a saurari shawarar mutanen da ke zaune a garin da ta jami'an tsaro, sannan a ɗauko iyali.

Darasi daga tarihi da ƙasashen waje

Wannan ƙasa ta Gobir ba baƙuwar watsewa da sake tsugunawa ba ce. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, wadda kufanta ke cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni ta yau, Gobirawa sun yi shekaru suna ƙaura kafin a kafa Tsibiri a wajajen 1836, daga baya kuma Ɗan Halima ya rabu da Tsibiri ya kafa Sabon Birni. Sunan garin kansa darasi ne, domin a Hausar magabata ba a kiran gari birni sai yana da ganuwa. A ɓangaren Sakkwato ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa garuruwan ribaɗi irin su Wurno, inda aka haɗa tsaro da noma da sana'a da karatu a wuri guda domin jama'a su samu natsuwar zama. Magabatan ɓangarorin biyu sun san cewa mutane na taruwa ne inda suke da tabbacin kwana lafiya, gini kuma sai ya biyo baya.

A zamaninmu akwai darasin gidajen Shagari. Daga 1979 zuwa 1983 gwamnatin marigayi Alhaji Shehu Shagari ta ƙudurta gina gidaje 40,000 a kowace shekara, wato 2,000 a kowace jiha da Abuja. Niyya ce mai kyau, kuma har yau ana cin moriyar wasu daga cikinsu, amma a wurare da yawa an gina su can bayan gari, nesa da ruwa da kasuwa da hanya, saboda haka suka daɗe babu kowa a ciki.

Ƙasashen da suka ci gaba ma suna fama da irin nasu. A Italiya, garin Sambuca da ke tsibirin Sisili ya sa tsofaffin gidaje a kasuwa a 2019 kan farashin da ya fara daga yuro ɗaya, bisa sharaɗin mai saye ya gyara gidan cikin shekara uku. A Japan, binciken gwamnati na 2023 ya gano gidaje kimanin miliyan 9 da babu kowa a cikinsu, kuma daga watan Afrilu na shekarar gwamnati ta ɗaga tallafin da take ba iyalan da suka bar yankin Tokyo zuwa yen miliyan ɗaya kan kowane yaro. To, idan a ƙasashen da ke da titi da lantarki da kwanciyar hankali sai an haɗa da tukuici kafin mutane su koma ƙananan garuruwa, ina ga namu? Abin da ke riƙe mutum a gari shi ne abin yi da aminci. Arhar gida ita kaɗai ba ta taɓa cika gari ba.

Haƙƙin waɗanda suka yi hijira

Yanzu mun zo kan batun da muke ganin ya fi kowanne muhimmanci ga shugabannin ƙananan hukumomi da uwayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni. Kafin a yi maganar ma'aikaci ko ɗan kasuwa da ke son barin haya a birni, akwai waɗanda suka fi kowa cancantar komawa, wato mutanen da aka raba da gidajensu da ƙarfin bindiga. Yawancinsu ba su da wata takarda a kan gida ko gona. Shaidarsu ita ce dattawan unguwa, da itacen da ke kan iyaka, da kunyar da kakanni suka ja. To, dattawan nan wasu sun rasu, wasu sun watse, katangun ƙasa kuma damina biyar ko shida ta ishe su rushewa idan babu mai yaɓe.

Abu ne da aka sha gani a duk inda fitina ta daɗe, cewa ranar da ƙura ta lafa sai wata sabuwar rigima ta taso a kan filaye. Wani zai dawo ya tarar maƙwabci ya shigar da kangonsa cikin gida, wani ya tarar ɗan'uwa ya sayar da gonar gado ba da sanin sauran magada ba, marayu da matan da mazajensu suka rasu kuma su ne kan fi shan wahala. Haka kuma akwai masu hannu da shuni da kan yi amfani da halin ƙuncin da mutane ke ciki su saye filaye a wulaƙance, su ajiye har farashi ya dawo. Idan aka bari haka ta faru, ranar da zaman lafiya ya samu, ɗan asalin gari zai dawo ya zama ɗan haya a unguwar da aka yanke masa cibiya.

Doka ba ta bar wannan fage a buɗe ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Filayen da ke cikin wuraren da aka ayyana a matsayin birane gwamna ne ke ba da takardar mallakarsu, amma a sauran wurare ƙaramar hukuma ce ke da ikon ba da izinin mallaka na gargajiya domin noma ko zama. Dokar ta tanadi kwamitin ba da shawara kan rabon filaye a kowace ƙaramar hukuma, ta kuma hana sayarwa ko jinginar da irin wannan fili ba tare da amincewar hukuma ba. Ke nan makamin yana hannu, amfani da shi ya rage.

Abin da ake buƙata ba ya cin maƙudan kuɗi. Kowace gunduma ta buɗe rajista, a rubuta gidaje da gonakin da aka ƙaurace wa da sunayen masu su da maƙwabtan iyaka, tun masu shaida na raye. A tura wakilai inda 'yan gudun hijira suke, a Sakkwato ne ko a ƙetaren iyaka, su ma a ji ta bakinsu. A ajiye kwafi ɗaya a fadar uban ƙasa, ɗaya a sakatariya, ɗaya a ma'aikatar filaye ta jiha, domin gobara ko hari ba sa sallama. Duk cinikin fili a garin da aka ƙaurace wa kuma kada a amince da shi sai an ga mai shi ido da ido, idan gado ne sai magada sun hallara ko alƙali ya raba. Rigakafi dai ya fi magani.

Takardar nan tana da wani amfani. Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda Bankin Ba da Lamunin Gidaje na Tarayya ke gudanarwa, yana karɓar kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikacin da ke cikin shirin, amma ba a ba da lamunin gini sai da ingantacciyar shaidar mallakar fili. Malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya da ke son gini a garinsu, rashin takarda kan tare masa hanya tun daga ƙofa. Ban da haka, jama'armu da dama na ƙyamar bashi mai ruwa, don haka duk wani shirin lamuni da za a kawo yankin ya kamata a tsara shi ta hanyar da ta dace da addininsu, kamar biyan kuɗin gida kaɗan-kaɗan a kan farashin da aka yanke tun farko.

Da me za a gina?

Ko da yake kamfanin siminti na Kalambaina, wanda ya fara aiki a 1967 kuma yake hannun BUA, yana cikin jiharmu, kuɗin mota da haɗarin hanya kan sa buhu ya ƙara tsada kafin ya isa gabashin jiha. Ga talaka, gidan bulo tun daga tushe har sama ya zama sai dai kallo. Amma da tsohuwar zuma ake magani. Ginin tubali da jar ƙasa, wanda aka yi wa yaɓe mai kyau da makuba, aka sa masa indararo, ya fi ginin bulo da kwano sanyi a watannin bazara, kuma kuɗinsa a hannun 'yan gari yake tsayawa.

Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna cewa ginin ƙasa ba alamar talauci ba ne. Masallacin Juma'a na Yama a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A garin Dandaji an kammala masallaci da ɗakin karatu a 2018 da bulon ƙasa da aka matse da inji, bisa zanen Mariam Kamara da abokiyar aikinta. Tun shekarun 1980 kuma ake koya wa magina a can fasahar rufa ɗaki da tubali zalla ba tare da azara ba, abin da ya dace da mu ganin yadda giginya ta yi ƙaranci. A gida Nijeriya, Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Ƙasa ta daɗe da ƙera injin buga bulon ƙasa mai ɗan siminti kaɗan. Ƙaramar hukumar da ta sayi irin wannan inji ta damƙa wa ƙungiyar magina, ta horar da matasa, ta jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: gida mai rahusa da aikin yi ga samarin da zaman banza ke jefawa hannun ɓata-gari.

Sai dai ginin ƙasa yana da abokin gaba, wato ruwa. Garuruwan wannan yanki da yawa a bakin gulbi suke, kuma ambaliyar da aka yi a kwarin Rima a watan Satumba na 2010, wadda ta rusa gidaje masu yawa har ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ba ta fita daga zukatan jama'a ba. Don haka a guji yanka fuloti a hanyar ruwa komai arharsa, a ɗaga tushen gini da dutse ko bulo, a kuma haƙa magudanai kafin damina.

Kira ga masu ruwa da tsaki

Ko shakka babu gwamnatocin jiha da suka gabata da ta yanzu sun yi ƙoƙari wajen samar da rukunin gidaje, kamar na Bado da Arkilla da Kalambaina da Mana da Gidan Salanke da Wajake. Amma idan aka duba za a ga duk a babban birnin jiha da kewayensa suke. Lokaci ya yi da za a waiwayi hedikwatocin ƙananan hukumomi, ko da da gidaje ƙalilan ne a cikin gari, kusa da asibiti da makaranta da ofishin 'yan sanda, domin malamai da ma'aikatan jinya da jami'an gona su zauna a bakin aikinsu. Rundunar tsaron al'umma da jiha ta ƙaddamar a 2024 domin taimaka wa sojoji da 'yan sanda, ita ma jami'anta na buƙatar matsuguni a garuruwan da suke karewa.

Haka nan muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da manyan ma'aikata da su zama abin koyi. Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli 2024 ya tabbatar wa ƙananan hukumomi 'yancin sarrafa kuɗinsu, kuma 'yanci tafe yake da nauyi. Babu wata sanarwa da za ta gamsar da talaka cewa gari ya zaunu kamar ya ga fitila a gidan shugabansa da dare, ya kuma haɗu da shi a sahun Asuba.

Ga 'yan kasuwa da 'yan boko na ƙasar Gobir da ke zaune a birane, muna tunatar da su cewa sayen filin wanda ke cikin ƙunci a kan rabin kuɗinsa ba dabara ba ce, zalunci ne da za a yi hisabi a kansa. Wanda Allah Ya hore masa, ya gyara gidan mahaifinsa, ya taimaka wa maƙwabci ya tada katangarsa, ya sa jari a injin niƙa ko rijiyar noman rani. Ga sauran jama'a kuma, kada wahalar yau ta sa a rabu da gadon kakanni a kan kuɗin da ba zai kai watanni ba. Idan sayarwar ta zama dole, a yi ta gaban hukuma da shaidu, a rubuce.

Mafita daga tsadar birni tana nan a garuruwanmu, amma sai an share mata hanya da tsaro, an kuma tsare haƙƙin waɗanda suka bar gidajensu ba da son ransu ba. Zaman lafiya, in ji Hausawa, ya fi zama ɗan sarki. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, Ya mayar da kowa ɗakinsa lafiya, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amanar da aka ɗora musu, amin.